Kayan Aikin da A Ke Zurawa Cikin Rijiyar Mai: Tarihinsu, da Yadda Suka Iso Ƙasar Yawuri

Tun watan Oktoba na 2019, sa'ad da Kamfanin Mai na Ƙasa ya ba da sanarwa cewa ya sami ɗanyen mai a rijiyar Kolmani ta biyu, a kan iyakar Bauci da Gwambe, da wuya malamin labarin ƙasa ya shiga aji a Arewa bai sha tambaya guda ba: mu fa, akwai shi a ƙarƙashinmu? A ƙasar Yawuri tambayar ta fi zafi, gama mutanenta sun riga sun san ƙasa ta kan ɓoye dukiya. Sun ga zinariya ta fito daga ramukan Birnin Yawuri, sun kuma ga Kwara ta shanye gungunansu don a sami lantarki. Malami ba shi da ikon amsa wannan tambaya yadda ya kamata sai ya san hanyar da a ke bi a gane abin da ke can ƙarƙashi tukuna. Hanyar kuwa rami ce, rami kuma ba ya haƙuwa sai da kayan aiki. Tarihin waɗannan kaya, watau waɗanda a ke zurawa inda ido ba ya kaiwa, shi na ke so in bi a wannan takarda, in kuma gwada kiran kowanne da sunan da Bahaushe zai gane.

Mu fara daga gida. Mai haƙar rijiya a ƙasar Hausa shi da kansa ya ke shiga. Ya kan sauka da igiya, da dagi da 'yar gajeriyar diga, yana sara yana cika kwando, abokan aikinsa na ja daga sama. Idonsa ke gaya masa ya wuce jar ƙasa ya shiga marmara, tafin hannunsa ke gaya masa danshi ya fara. In bango ya soma zubowa sai ya ɗaure shi da itace ko da dutse. In numfashi ya yi masa nauyi sai ya girgiza igiya a fid da shi. A wasu wuraren Arewa irin wannan rijiya ta kan haura gaba 30, wanda ya taɓa leƙa ta kuwa ba ya raina masu wannan sana'a. Ko da Ma'aikatar Binciken Duwatsu ta Nijeriya, wadda aka kafa a 1919, ta ɗauki aikin gina rijiyoyi a lardunan Arewa cikin shekarun 1930, ba ta fid da mutum daga rami ba. Abin da ta ƙara shi ne bangon kankare da ƙugiyar ja mai lafiya, kamar yadda H. A. Cochran ya bayyana a littafin da ma'aikatar ta buga a 1937.

Rijiyar mai dabam ta ke. Faɗinta a can gindi da ƙyar ya ke kaiwa taƙi guda, zurfinta kuwa ya kan kai mil biyu ko ya fi. Ba mai shiga. Saboda haka duk abin da mai haƙa ke yi da jikinsa, sara da kwashe ƙasa da ɗaure bango da duba irin dutsen da aka tarar, tilas a sami ƙarfen da za a aika ya yi a madadinsa.

Ba neman mai ya haifi wannan sana'a ba, neman gishiri ne. Wanda ya san wahalar da ayarin Bilma ke sha, ko darajar gishirin Fogha a kasuwannin bakin Kwara, ba zai yi mamaki ba don mutum ya huda dutse saboda gishiri. A lardin Sicuwan na ƙasar Sin akwai ruwan gishiri can ƙarƙashin dutse. Tun ƙarni na 11 mutanen wurin suka ƙware da huda rami wanda faɗinsa bai wuce bakin kwano ba. Su kan ɗaura ƙarfe mai nauyi a igiyar tsagaggen gora, su rataya shi a wani dogon katako mai kama da lilo, maza su riƙa taka shi suna sauka, ƙarfen na tashi yana faɗuwa kamar taɓarya a turmi. Wannan ita za mu kira haƙar daka. In garin dutse ya taru sai su zuba ruwa, su zura gora mai rami wadda aka yi wa marfin fata a gindi. In ta nutse marfin ya buɗe, in an ja ya rufe. Da gora kuma su ke yi wa ramin riga, don kada ruwan daɗi na sama ya surke na gishiri. A 1835 rijiyar Shenhai ta birnin Zigong ta kai mita 1,001, ita ce ta fari a duniya da ta haura mita 1,000. Iskar gas da ke fitowa daga irin waɗannan rijiyoyi da ita su ke hura wutar dafa gishirin.

Wani abu da Sinawa suka yi fice a kansa shi ne ciro abin da ya faɗa rami. Kowace unguwa a garuruwanmu akwai gidan da a ke zuwa aron ƙugiya in guga ya tsinke, amma mai ƙugiya a rijiyar gida yana iya leƙawa da madubi. Shi wancan lalube ya ke yi a zurfin gaba ɗaruruwa, da jin nauyin igiya kaɗai. Har yau ma'aikatan mai suna kiran wannan aiki da kalmar da su ke kiran su, watau kamun kifi, kuma ina jin Basarken Yelwa zai fi kowa gane dalili, tun da mu ma da kalma ɗaya mu ke kiran ƙugiyar kifi da ta guga.

A Amurka ma gishiri ya buɗe hanya. Tsakanin 1806 da 1808 wasu 'yan'uwa biyu, David da Joseph Ruffner, suka huda dutse a bakin kogin Kanawha da dagin da suka rataya a kan ɗanyen itace mai lanƙwasa, har ƙafa 58. Babbar masifar haƙar daka ita ce baki ya maƙale a gindin rami. In an ja da ƙarfi igiya ta tsinke. Wani mahaƙi a wannan yanki, William Morris, ya ƙera ƙarafa biyu masu shiga juna kamar zoben sarƙa, masu ɗan sakin jiki a tsakani, ya sa su a bisa bakin. In an ja, na sama sai ya taho da gudu ya bugi na ƙasa, bugun ya fizge bakin. An ba shi takardar mallakar wannan dabara a 1841. Mu ce da ita mafizgi. Har yanzu ba a zura jerin bututun haƙa ba tare da jikanta ba, ko da ya ke yau da matsin ruwa ta ke aiki.

Mahaƙan gishiri sun daɗe suna tarar da mai, suna jin haushinsa don yana ɓata musu ruwa. Sai da aka gane ana tace shi a sami kananzir sa'an nan aka nemi shi don kansa. A Baku, a bakin Tekun Kasfiya, an haƙa masa rami tun 1846, amma rijiyar da ta ta da duniya ita ce ta Edwin Drake a Titusville, jihar Pennsylvania, wadda ta kai ga mai ran 27 ga Agusta 1859, a zurfin ƙafa 69 da rabi kacal. Rijiyoyin ruwa da yawa a ƙasar Sakkwato sun fi ta zurfi. Abin da Drake ya ƙara shi ne ya kafa bututun ƙarfe ya buga shi har ya ratsa rairayi da tsakuwa mai ruwa ya zauna a kan dutse, sa'an nan aka yi haƙa ta cikinsa. Bai nemi takardar mallaka ba, ya kuwa mutu matalauci a 1880. Ya kamata malamai su lura da wanda ya yi ainihin haƙar: William Smith, maƙeri ne, mahaƙin gishiri. A zamanin daka ba a rabuwa da maƙera a bakin rijiya, gama in baki ya yi 'yan ƙafafu ya dakushe, sai a ciro shi a zuga, a buga masa kaifi a kan uwar maƙera, a mai da shi.

Daka tana cin dutse mai tauri, amma a cikin rairayi ba ta da amfani, rami ya kan rufta bayan kowane bugu. Ga shi kuwa galibin mai a ƙarƙashin rairayi da laka ya ke. Magani ya fito daga Faransa. Wajen 1845 wani injiniya mai suna Fauvelle, yana haƙar ruwa a Perpignan, ya yi amfani da sanduna masu rami, yana tura ruwa ta cikinsu, ruwan ya komo ta gefe ɗauke da garin dutse, ba sai an tsaya kwasa ba. Da aka gama wannan da bututu mai juyawa kamar mazari, sai aka sami haƙar murza. Ita ce ta huda tudun Spindletop a Texas, inda rairayi ya kayar da waɗanda suka gwada daka. An ce da ramin ya riƙa zubowa, mahaƙan, 'yan gidan Hamill, sai suka kora shanu cikin kududdufin da su ke ɗibar ruwa, shanu suka tattake shi ya zama taɓo, suka tura taɓon cikin rami, ya shafe bango kamar yaɓe. Ran 10 ga Janairu 1901 mai ya yi tsiri sama, kimanin ganga 100,000 kowace rana, kwana tara kafin a shawo kansa.

Wannan taɓo ya cancanci a tsaya a kansa, don ina ganin shi ne babban kayan aikin rijiya, ko da ya ke ba ƙarfe ba ne. Yana sanyaya baki, yana ɗauko gari, yana yaɓe bango. Amma aikinsa mafi girma nauyi ne. Duk mita 10 na ruwa a tsaye suna danna abin da ke ƙarƙashinsu da nauyi kwatankwacin na iskar sararin sama duka. A zurfin mita 3,000 ke nan an ninka wannan sau 300, kuma mai da gas da ke cikin dutse a can suna ƙarƙashin matsi irin wannan ko fiye. In taɓon da ke cikin rami ya fi su nauyi sai su zauna wurinsu. In ya kasa sai su tunkuɗo shi waje. In kuma ya yi nauyi fiye da kima sai ya tsaga dutsen ya zurare, ramin ya zama fanko. Cikin shekarun 1920 aka fara zuba masa garin wani farin dutse, barayit, wanda ya fi ruwa nauyi fiye da sau huɗu, da wani yumɓu mai kumbura, bentonayit. Hausawa sun ce da ruwan ciki a kan ja na rijiya; a nan da ruwan da aka zuba a ke hana na rijiya tasowa sai an shirya masa. Don ranar da taɓo ya gaza ne James Abercrombie da Harry Cameron suka ƙera, a 1922, wasu ƙarafa masu matsowa daga gefe biyu su shaƙe bakin rijiya. Mashaƙa ke nan.

Bakin da aka yi Spindletop da shi faffaɗa ne mai kama da wutsiyar kifi, kankara ya ke yi, da ya gamu da dutse mai tauri sai ya lalace. A 1909 Howard Hughes babba, tare da abokin cinikinsa Walter Sharp, suka fito da baki mai dunƙule biyu masu haƙora, suna mirginawa a kan dutse suna farfasa shi. A 1933 injiniyoyin kamfaninsa suka mai da su uku. Ba sayar da bakin su ke yi ba, haya su ke bayarwa, daga nan dukiyar gidan ta taso. Sai cikin shekarun 1970 aka sami wanda ya ture shi, baki mai haƙoran lu'ulu'un da aka ƙera a masana'anta, wanda ya komo ga kankara irin ta dā, amma da haƙorin da ba ya saurin ci.

Maganar riga da siminti ta shafi tarihin Nijeriya kai tsaye. Littattafan makaranta da yawa sun ce wani kamfanin Jamus ya fara neman mai a ƙasar nan a 1908. Wannan kuskure ne da a ke ta kwafa. Kamfanin Nigeria Bitumen Corporation a London aka yi masa rajista, shugabansa John Simon Bergheim ɗan kasuwar Ingila ne wanda ya yi haƙar mai a Galisiya. Sun haƙa ramuka a gabas da Ikko, wajen ƙasar Ijebu da Ondo, sun kuwa tarar da mai, amma ruwa ya riƙa kwararowa cikin rijiyoyin ya rinjaye shi. Bergheim ya mutu a haɗarin mota a 1912, kamfanin bai daɗe ba ya rushe. A daidai waɗannan shekaru ne, can a Kalifoniya, Almond Perkins ya gano maganin wannan cuta: a tura kwaɓaɓɓen siminti ta cikin bututun riga tsakanin toshiya biyu, ta gaba ta raba shi da taɓo, ta baya ta kora shi, har ya fita ta gindi ya hau ta baya ya cika tsakanin riga da bango. In ya daskare, kowane ruwa ya zauna a hawansa. Erle Halliburton yaron Perkins ne kafin ya kafa nasa a 1919. Kada a ɗauka wannan tsohon zance ne. A watan Afrilu na 2010, a Tekun Meziko, siminti ya gaza a gindin wata rijiya, mashaƙa kuma ba ta rufe ba. Mutum 11 suka mutu, mai ya yi kwana 87 yana zuba.

In an rufe rijiya da ƙarfe da siminti, ta ina mai zai shigo? Dā nakiya a ke sakawa: Kanar Edward Roberts, tsohon sojan yaƙin basasar Amurka, ya fito da wannan a 1865. A 1932 aka zura bindiga mai harsasai ta huda riga a daidai inda a ke so, bayan Yaƙin Duniya na Biyu kuma aka ɗauko dabarar nakiyar fasa tankar yaƙi aka sa a wurin harsashi. Tsaga dutse da matsin ruwa, a cusa rairayi ya tokare tsagar, an fara gwada shi a Kansas a 1947.

Hannu ke nan. Saura ido, wanda ya fi wuyar aikawa.

Hanya ta fari ita ce a ciro dutsen kansa. Wajen 1863 Rodolphe Leschot, injiniya a Faransa, ya dasa lu'ulu'u a bakin zoben ƙarfe. Zoben na juyawa yana yanka da'ira, dutsen da ke tsakiya ya shige cikin bututu a mulmule kamar rake. Ina ganin ɓargo ya dace da shi. In an jera ɓargon dutse cikin akwati, mai duba ya ga ƙarƙashin ƙasa ƙafa bayan ƙafa kamar shi ya sauka. To, wannan shi ne kayan aiki na fari daga cikin waɗanda mu ke zance da ya yi babban tasiri a rayuwar mutanen Yawuri, ba kuwa don mai ba. Kafin a tsai da shawarar inda za a datse Kwara, kamfanonin Balfour Beatty na Ingila da NEDECO na Holan, waɗanda suka ba da rahotonsu a 1961, sai da suka san irin dutsen da ke ƙarƙashin kogi, gama ba a ɗora madatsa a kan abin da ba a gani ba. A Kainji aka sami tsohon dutse mai ƙarfi. Firayim Minista Abubakar Tafawa Ɓalewa ya aza harsashi a 1964, kamfanin Impregilo na Italiya ya yi gini, ana huda dutsen gindi ana ɗura masa siminti don ruwa kada ya bi ta tsaga. A 1968 aka rufe ƙofofi. Tafki ya miƙe fiye da kilomita 130 zuwa wajen Yelwa, ya ci tsohuwar Busa da tsibirin Foge da gungunan da Gungawa ke noman albasa, aka ta da mutum fiye da 40,000, a zamanin Sarkin Yawuri Muhammadu Tukur. Masu tarihi sun rubuta da yawa game da tashin, da gidajen da aka gina wa mutane a sababbin ƙauyuka, amma da wuya ka ga wanda ya ambaci akwatunan ɓargo, alhali da su aka yanke hukuncin inda ruwa zai tsaya.

Ciro ɓargo yana da tsada da jinkiri. Hanya ta biyu ta fito daga wasu 'yan'uwa biyu mutanen Alsas, Conrad da Marcel Schlumberger. Conrad malamin kimiyya ne a makarantar ma'adinai ta Paris. Tun 1912 ya ke kafa sanduna a ƙasa yana tura lantarki, yana auna yadda ya ke ratsawa, don duwatsu sun bambanta wajen ba shi hanya. Dutsen da ya sha ruwan gishiri ya kan bar shi ya wuce da sauƙi, wanda ya sha mai kuwa ya kan tare shi. Ran 5 ga Satumba 1927, a Pechelbronn, surukin Conrad, Henri Doll, tare da abokan aiki biyu, suka zura irin waɗannan sanduna cikin rijiya da waya, suna tsayawa mita bayan mita suna rubuta abin da allura ta nuna. Da aka haɗa ɗigon a kan takarda sai ga layi mai karkacewa, kowace karkata tana nuna inda wani dutse ya ƙare wani ya fara. Kafin ƙarshen 1929 ana wannan awo a Benezuwela da Amurka da Tarayyar Sobiyat. A 1942 Gus Archie na kamfanin Shell ya fitar da lissafin da a ke bi a san ko kashi nawa na kofofin dutse mai ne, nawa ruwa. Daga baya aka ƙara wasu awon, na sauti da na hasken da duwatsu ke fitarwa da kansu. A ganina, in za a zaɓi rana ɗaya da sana'ar nan ta bar hannun masu sa'a ta koma hannun masu ilmi, wannan rana ta 1927 ce, ba ta Drake ba.

Akwai kuma sanin inda ramin ya nufa. Mahaƙan dā sun ɗauka ramukansu a miƙe su ke, sai da aka zura kwalba mai ruwan da ke cin gilashi, aka ga zanen da ya bari a karkace, sa'an nan aka gane wasu sun kauce da nisa. Abin da ya zama aibi sai John Eastman ya mai da shi sana'a. A 1934, a Conroe ta Texas, wata rijiya ta ɓalle ta zama tafkin mai, ba mai iya kusantarta. Eastman ya tsaya daga nesa, ya sa wani ƙarfe mai gangara a gindin raminsa yana karkata baki da gangan, har ya isa kusa da gindin waccan, aka tura ruwa aka kashe ta. Mutanen Sobiyat kuma, tun daga Matvei Kapelyushnikov a Baku cikin shekarun 1920, suka sauko da injin can gindi, taɓo na juya shi, ba sai an murza bututun duka ba. A ƙarshen shekarun 1970 aka koya wa kayan awo magana: wani marfi kusa da baki yana matse taɓo yana saki, bugun ya hau sama, na'ura ta karanta, kamar mai kiɗan kalangu yana aika saƙo. Da waɗannan uku a ke haƙa rami yau ya sauka a tsaye, ya lanƙwasa, ya bi jikin dutse a kwance mil da yawa.

Kayan da Shell da abokin tarayyarsa suka shigo da su Nijeriya sun riga sun haɗa murza da taɓo da siminti da awon lantarki. An ba su izinin bincike a ƙasar duka a 1938, yaƙi ya tsai da su, rijiyarsu mai zurfi ta fari kusa da Owerri a 1951 ba ta ba da kome ba. A Janairu 1956 ta Oloibiri ta kai ga mai, zurfinta ƙafa 12,008, watau ta ninka ta Drake fiye da sau 170. A 1958 jirgi na fari ya tashi daga Fatakwal.

Yanzu mu komo ga tambayar ɗalibi. Mai daga gawar ƙananan halittun ruwa ya ke, waɗanda laka ta binne, wata ta hau kan wata har zurfin kilomita biyu ko fiye, zafin ƙasa ya dafa su shekaru miliyoyi. Sai a dutsen da ya samu daga kwantar laka da rairayi a ke samunsa. Dutsen da Yelwa da Birnin Yawuri da yawancin ƙasar Ngaski ke zaune a kai ba irin wannan ba ne. Tsohon dutsen gindi ne, wanda wuta da matsi suka sāke tun fiye da shekara miliyan 500, kamar yadda aka sani tun binciken J. D. Falconer, wanda littafinsa ya fito a 1911. Irinsa ke ɗauke da jijiyar zinariya, shi ya sa aka yi rububin haƙarta a nan cikin shekarun 1930, shi ya sa kuma ya iya ɗaukar madatsa. Dalilin da ya ba shi zinariya shi ya hana shi mai. Mutanen Sobiyat sun huda irin wannan dutse a Kola har mita 12,262 a 1989, don ilmi, ba su kuwa je neman mai ba. Malami ya faɗi wannan a fili, ko da ba zai yi wa masu sauraro daɗi ba.

In an nufi arewa maso yamma, ta wajen Shanga zuwa Illo da Birnin Kabi, sai dutsen gindi ya nutse, kwantaccen dutse na kwarin Sakkwato ya hau kansa, yana ƙara kauri har cikin Jamhuriyar Nijar. A nan tambayar tana da wurin zama. Amma a ɓangaren Nijeriya kaurinsa kaɗan ne in an gwada da bakin teku, inda ya haura kilomita 10, kuma ba a fitar da man sayarwa daga cikinsa ba. Abin da haƙar murza ta tabbatar a nan ruwa ne. Cikin shekarun 1960 masanan Amurka, Henry Anderson da William Ogilbee, tare da Ma'aikatar Binciken Duwatsu, suka yi ta huda ramukan gwaji, suka nuna rairayin da a ke kira da sunan Gwandu yana riƙe da ruwa mai matsi, har a fadamar Gulbin Kabi ya kan ɓuɓɓugo da kansa ba famfo. An buga rahotonsu a 1973.

A kan dutsen gindi kuwa ruwa ba ya kwanciya shimfiɗe, sai a cikin tsaga da inda dutse ya ruɓe. Wannan ya zama babbar magana bayan 1968, gama mutanen da kogi ke ƙofar ɗakinsu sun koma tudu inda ruwan sha sai an haƙa. Mai neman wurin rijiyar burtsatse a irin wannan ƙasa sanduna huɗu ya ke kafawa a jere, ya tura lantarki, ya riƙa nisanta na waje. Sunan wannan jeri a littattafan sana'ar har yau jerin Schlumberger. Motar haƙa kuma guduma ta ke zurawa can gindin rami, irin wadda aka ƙago a Turai cikin shekarun 1950, iska mai matsi na buga ta, bututu na juya ta. Daka ce da murza a haɗe, ƙarar da a ke ji ke nan daga nesa in ana huda burtsatse a Wara ko Yelwa.

A Nijar ma mai ya fito. A 2008 gwamnatin ƙasar ta ƙulla yarjejeniya da kamfanin CNPC na Sin a kan filin Agadem, can gabas cikin hamada, a kwarin da ya haɗu da na Cadi. A Nuwamba 2011 aka buɗe matatar da ke arewa da Damagaram, mai tace ganga 20,000 a rana. Mahaƙan daga ƙasar da aka fara daka dutse da igiyar gora suka zo. Daga baya suka shimfiɗa bututu na kusan kilomita 2,000 daga Agadem zuwa bakin teku a Jamhuriyar Benin, jirgi na fari ya yi lodi a watan Mayu na 2024. Bututun ya bi ta lardin Doso, ya ƙetare Kwara a wajen Gaya, sa'an nan ruwan ya gangaro ya shigo Nijeriya, ya wuce ƙasar Illo da ta Shanga, ya faɗa tafki a Yelwa.